Shuɗin Harafi a Kwiɓin Jan Bunsuruna

Ni dai ban yarda da alamar da wani zai sa wa abina bai gaya mini dalili ba, kuma ba yanzu da na tsufa zan fara ba. Ko a asibiti aka ɗaura mini ɗan ƙyalle a hannu sai na tambayi na mene ne, in aka yi mini shiru in kwance shi in ajiye musu a kan gado. Jikokina suna ta dariya, wai tsohuwa akwai zargi. Su yi ta yi. Ba su san bunsuruna ba.

Zamanin Turawa ne, bayan an gama babban yaƙin nan da aka kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama. Ina zaune a gidanmu, wani ɗan ƙauye tsakanin Kusada da Kankiya, a hannun yayana, don mijina ya rasu ban sake aure ba tukuna. Yaya malamin allo ne, ya yi noma da damina ya karantar da rani, mutum mai sanyin hali har abin ya so ya yi yawa. Ni kuwa ban gado sanyin ba. Fura nake dakawa, ran kasuwar Kankiya in ɗora ƙwarya a ka in tafi in sayar, in yi faɗa da wanda ya kamata, in dawo.

Innarmu tana da irin awakinta da duk yankin aka san ta da su. Jajaye ne wur, gashi gajere mai sheƙi, ba ɗigon fari ko a goshi. Da uwarsu aka kawo ta gidan babanmu tana amarya, kuma ba ta taɓa yarda wani bunsurun banza ya kusance su ba. In ta hango na maƙwabta ya leƙo ta danga, da muciya take bin sa. Da Allah ya yi mata rasuwa, awakin suka dawo hannuna. Sai wata damina ciwon huhu ya shigo gari, ina ji ina gani suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage mini ɗan bunsuru guda, wanda uwarsa ta mutu ta bar shi ko cibiyarsa ba ta bushe ba. Da tsumma na riƙa tsoma masa madarar saniya yana tsotsa, a ɗakina yake kwana. Ya girma ya zama abin kallo, wuya kamar turmi, in ya tsaya a rana sai ka ce an shafa masa mai. Niyyata ɗaya: in samu mata jajaye biyu ko uku in haɗa masa, irin Inna ya dawo gidan. Duk abin da ya rage na awakinta a duniya yana jikin dabban nan.

Dole in faɗi yadda mijina ya mutu, in ba haka ba za a ce haukata ce kawai. Ana tsakiyar yaƙi aka zo neman mutanen da za a kai haƙar kuza a can ƙasar duwatsu. Aka tara maza a ƙofar dagaci, wani ya bi layi yana taɓa musu damtse yana duba haƙora. Wanda ya yi masa, sai ya ja masa farin alli a ƙirji. Raunana da masu tari aka sallame su suka koma gida suna hamdala. Mijina kuwa ƙato ne, shi aka fara ja wa. Ya dawo bayan watanni da sanyi a ƙirji, bai ga kaka ta gaba ba. Tun daga nan na riƙe abu ɗaya a raina: hukuma ba ta sa alama a kan abin da ba ta so.

To, wata safiya ana gab da fara girbi, sai ga mai shela wai kowa ya kai bunsurunsa gindin tsamiyar ƙofar dagaci, likitan dabbobi ya zo. Na so in ɓoye nawa a rumbu. Yaya ya ce, “Ke, wa za ki ɓoye wa? Bunsurun da ake jin warinsa tun daga rafi?”

Na ja shi na kai, ina ƙunƙuni.

Baturen wani dogo ne, fuska ta ƙone jawur, yana tafe yana duba sama don hadari ya haɗo. A bayansa akwai malamin dabbobi, Bahaushe ne amma ba ɗan ƙasarmu ba, harshensa na Kanawa, riƙe da gwangwanin fenti da ɗan buroshi. Suka bi dabbobin da sauri, wannan a kalle shi a wuce, wancan ko kallo bai samu ba. Da suka iso kan nawa sai Baturen ya tsaya. Ya durƙusa. Ya shafa bayan, ya ja fatar ya saki, ya buɗe baki, ya ɗaga ƙafa. Na san wannan dubawar, na taɓa ganinta a wannan gindin tsamiyar. Ya yi murmushi, ya karɓi buroshin, ya zana wani abu shuɗi a kwiɓin dama. Ya ce wata kalma guda, ya miƙe.

Na ce da malamin dabbobi, “Malam, me ya ce?”

Ya ce, “Alfa.”

“Me ke nan?”

“Alama ce. Kada a sayar da shi, kada a yanka, kada a kai shi wani gari. Za mu dawo.”

Na buɗe baki zan ƙara tambaya, ruwa ya sauko. Suka ruga mota, suka bar ni da igiya a hannu. Duk garin bunsuruna kaɗai aka yi wa zanen. Mata suka riƙa wuce ni suna cewa sannu, kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Kada a sayar, kada a yanka, za mu dawo. Don Allah wanda aka gaya wa haka, me zai ɗauka?

Da muka koma gida Yaya ya ɗaure shi a turke, ya tsuguna yana kallon zanen kamar an kawo masa wani tsohon littafi. Abin kamar an harɗe igiya za a yi zarge aka bar bakin biyu a sake, in ka karkata kai kuma ka ga kamar ɗan kifi. Mu a makarantar allo kowane harafi da sunansa da kamanninsa, yaro ma ya san su: ga ba guje, ga jim saɓe, ga ha kuri, ga an likkafa. Yaya ya bi su duka da yatsa a ƙasa yana gwadawa.

Ya ce, “Kamar an likkafa ce ta kwanta. Amma a’a. Kamar ha kuri ne ya yi wutsiya biyu. Shi ma a’a.”

Na ce, “Yaya, duk karatun nan naka harafi ɗaya ya gagare ka?”

Ya ce, “Ba namu ba ne. Amma sunan ya yi kusa da alif, watakila danginsa ne na nesa. Sai dai alif, alun namu, a tsaye yake kamar mutumin kirki. Wanga kuwa ya naɗe ƙafa, bai son a ga inda ya dosa.”

Abin da ya fi damunsa ba kamannin ba ne. A wurinsu malamai, harafi ba ya zama haka kawai. Kowanne da aikin da ake aikensa, shi ya sa ake rubuta su a allo a wanke a sha, a naɗe su a laya, a binne su a gona. Ya ce wanda duk ya zana harafi a jikin abu mai rai, ya san saƙon da ya ba shi. Ya hana yara taɓa wurin. Ya karanta abin da zai karanta ya tofa wa bunsurun, shi kuwa gogan ko a jikinsa, yana ta tuƙar harawa.

Ran kasuwa na tafi Kankiya da fura, amma rabin hankalina na gida. Na kudurta sai na san ma’anar kalmar nan ko da furar za ta yi tsami a kaina.

Na fara da wani Bayarabe mai kayan koli, wanda yake zama kusa da ni, muna tsokanar juna. Na ce, “Kai da ka zaga duniya, mene ne alfa?”

Ya ce, “Alfa? Ai mu malami muke ce wa alfa. Mai raɗa suna, mai yi wa mutane addu’a. Wa ya ce miki alfa?”

Na ce, “Bunsuruna aka ce wa.”

Ya yi dariya har madubai suna karkarwa a faifansa, ya kira maƙwabcinsa wani Bazabarme mai kanwa ya gaya masa. Shi ma ya ce a ƙasarsu haka ne, alfa malami ne, kuma Filanin yamma haka suke cewa. Suka ce in saya masa rawani. Ni ban yi dariya ba. Bature ya taso tun daga Katsina a cikin hadari don ya naɗa bunsuruna malanta? Ko dai izgili yake yi wa malamanmu, ko kuma akwai wata a ƙasa.

Da azahar sai ga wani malamin makarantar boko da yakan sayi fura a wurina, saurayi mai tsabta, kullum da alƙalami a aljihun gaba. Na zana masa abin a ƙasa da tsinke, iyakar yadda na iya. Ya kalla, ya gyara mini wutsiyar.

Ya ce, “Wannan ai alfa ne, harafin farko na mutanen Yunana. Ba ma na Ingilishi ba ne, aro suka yi. Turawan da suka yi karatu mai zurfi suna amfani da shi a lissafi, kuma in suka duba aikin ɗalibi suka ga ba na biyunsa, shi suke sa masa. Nufinsa na ɗaya. Wanda ya fi kowa.”

Na ce, “Wanda ya fi kowa?”

Ya ce, “Ƙwarai. Ai abin murna ne, Gwaggo.”

Na ce, “To in sun gane wanda ya fi kowa, me suke yi da shi?”

Ya ce su a makaranta, wanda ya fi kowa shi ake ɗauka a kai Katsina.

Shi ke nan, ya gama mini bayani. Bai san abin da ya faɗa ba, ya shanye furarsa ya tafi yana jin ya taimake ni. Na dawo gida farin allin nan na ƙirjin mijina yana ta yi mini gizo a ido.

Da Yaya ya ji an ce Yunana sai ya gyara zama. Ya ce ya san sunan, yana cikin littattafan magani da na taurari, mutane ne masu zurfin sani amma ba su yi salla ba. Wato harafin ya fito daga gidan masu asiri, ya bi ta hannun Nasara, ya zo ya sauka a kwiɓin dabban Inna. Labarai kuma suka fara shigowa. A Sukuntuni an ce wani da aka yi wa nasa zanen ya yanka ya ce kura ce ta ɗauke. A Tafashiya an ce za a tara su ne a kai Ikko a sa a jirgin ruwa, Sarkin Ingila zai yi biki. Wata tsohuwa ta rantse mini jininsu ake so a yi allura. Ba wanda ya ce ko da wasa za a bar wa mai shi abinsa.

Mu kuma mutanen karkara muna da dabarar da muka gada, ba a koya wa kowa ita don kowa ya tashi ya gan ta. In baƙon hukuma ya zo, a nuna masa rumbun da ya kusa ƙarewa. In an zo ƙirgar shanu, ƙosassu su kwana a daji, ramammu su tsaya a turke. In ana neman yara a kai boko, mai wayon ya tafi gidan kakarsa. Da haka muka rayu, kuma sau da yawa ya fisshe mu. Saboda haka da na ce wa Yaya zan aske wurin, bai ce mini don me ba.

Ya dai ce, “In sun dawo ba su ga alamarsu ba fa? Sun san a garin ga suka bar ta.”

Na ce, “Sai a ce ruwa ya wanke.”

Ya ce, “Fentin mai ne, ruwa bai wanke shi.” Ya juya yana kallon wani turke a lungu. Can sai ya ce, “Alama suka bari, alama za su nema. Bature bai bambance fuskar mutum biyu, balle ta akuya.”

Na bi idonsa. Yana da wani ɗan bunsuru da aka ba shi sadaka, roɗi-roɗi, baƙi da fari da wani ruwan toka, ƙafafu kamar kara, kunne ɗaya a yage, ga ƙazuwa a wuya. Ko yara ba sa wasa da shi. Wallahi duk tsawon zamana da Yaya ban taɓa jin na ƙaunace shi kamar wannan lokacin ba. Mutumin da ko ƙwai bai taɓa ɓoyewa ba!

Da rana tsaka muka yi, mutane duk suna gona. Kafin in sa aska, Yaya ya zauna ya kwafi harafin a allo, ya sake, ya sake, har hannunsa ya saba. Ya aika aka kawo shuni daga marina, ya dama da ƙaro da ɗan man gyaɗa, ya fere sabon alƙalami mai faɗin baki. Na danne roɗi-roɗin, ya zana masa. Kai, Yaya akwai hannu! Nasa ya fi na Baturen kyau nesa ba kusa ba, har na ce ya ɗan ɓata shi kada a gane. Ni kuma na aske kwiɓin nawa tas, na kwaɓa lalle na shafe fatar don kada farin wurin ya fito. Kafin a gama ɗaurin gero gashi ya tsiro ya rufe, sai dai ya ɗan fi sauran haske, in ba ka sani ba ba za ka lura ba. Duk lokacin da shunin ya dusashe, Yaya ya sake bi. Garin kowa ya sani, ba wanda ya ce uffan. Dagaci ma da ya gani kawar da kai ya yi.

Na samu barci. Har na je na ga wata jar akuya a Kusada, muka yi magana da mai ita.

Bayan an kai amfani gida suka dawo. Wannan karon ba Bature, malamin dabbobin ne da leburori biyu da dogarin hakimi, riƙe da bulala da igiya. Aka sake tara mu gindin tsamiya. Na duba ban ga motar ɗaukar dabbobi ba. Abin da na gani wani ƙarfe ne a hannun lebura, kamar ƙatuwar awartakin maƙera, baki a dakushe.

Malamin ya hau kan saiwar tsamiya ya yi jawabi. A ranar, sai a ranar, ya ga damar buɗe baki. Ya ce fatar jar akuya ita ake nema a ƙasar Turawa, ba ta da na biyu, kuma bunsuran banza suna ɓata iri. Saboda haka kowane gari an zaɓi wanda ya fi kyau an yi masa alama. Shi za a bari a hannun mai shi, ya zama uban garke, kowa ya kawo akuyarsa wurinsa. Sauran duka za a dandaƙe su yau, su zama taure.

Na juya na kalli Yaya, ya kalle ni.

Aka fara. A kayar da dabba, a sa ƙarfen, a matse, ka ji ƙara ɗaya mai tsawo, a sake shi ya tashi yana tangaɗi. Layi yana matsowa. Aka jawo roɗi-roɗin Yaya, lebura ya ga shuɗin zane ya ce, “Ga mai alamar.” Malamin dabbobi ya zo ya tsaya a kansa. Ya dubi yagaggen kunnen, ya dubi ƙazuwar. Ya lashi yatsa ya goga a zanen, ya kalli yatsan. Sannan ya ɗago ya bi taron da ido har ya same ni, da jan bunsuruna a jikina yana shinshinar zanin da na ɗaura.

Ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, “Wanda ya taɓa alamar hukuma, ko ya goge ko ya kwaikwaya, alƙali ne zai raba mu da shi. Kuma gidan yari ne.”

Dogari ya gyara riƙon igiyarsa.

Malamin ya tako har gabana. Ya durƙusa kamar yadda ubangidansa ya yi, ya shafa kwiɓin dama, yatsunsa suka tsaya daidai inda gashin ya fi haske. Ya rage murya.

Ya ce, “Baiwar Allah, na tuna ki. Ke ce mai tambaya. Ni umarnin da aka ba ni, mai alama a bar shi, marar alama a dandaƙe. Ba ni da ikon canzawa da kaina. Amma in kin ce wannan ne aka zana wa, kin faɗi yadda aka yi alamar ta tashi daga nan ta koma can, zan bar miki shi. Dabba irin wannan ba a samunsa ko’ina.”

Har yau ina juya maganar nan. Watakila da zuciya ɗaya ya faɗe ta, don na ga yadda yake shafa dabban, mai son dabbobi ne. Amma dogari yana tsaye taku kaɗan daga bayansa, ya miƙo wuya. Kuma duk garin mutum ɗaya ne yake da hannun da zai zana harafi haka, yaro ma ya san ko wane ne. In na ce eh, tambaya ta gaba ita ce wa ya zana. Na hango Yaya da igiya a ƙugu ana jansa zuwa Kankiya a gaban almajiransa da iyayensu, mutumin da ko tsawa aka yi masa sai ya kwana bai ci abinci ba. Na riga na ga yadda ake tafiya da namiji daga gindin tsamiyar nan, na kuma ga yadda yake dawowa.

Sai na ji Yaya ya yi gyaran murya a bayana. Na san shi, zai tashi ne ya ce shi ne. Ya fara, “Malam, gaskiyar magana…”

Na katse shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na ce, “Yaya, ba da kai ake ba, da ni ake! Malam, ban san zancen da kake yi ba. Wancan Bature ya zana wa, da hannunsa, ina tsaye. Halan kai ka fi shi sani ne?”

Malamin ya ɗago ya kalle ni. Ya ce, “Kin tabbata?”

Na ce, “Na tabbata.”

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. Ya ce da leburorin, “Ku kama.”

Ban bar su sun kayar da shi ba. Na ce ni zan riƙe. Na zauna na ɗora kansa a cinyata kamar lokacin da yake tsotsar tsumma, na rufe masa ido da tafin hannuna. Ya yarda da ni, ko motsi bai yi ba sai da ƙarfen ya kama. Kukan da ya yi, na ji shi har cikin haƙorana. Ban yi hawaye a wurin ba, don ban ga wanda zan yi wa ba. Sai da muka shiga gida na shige bayan rumbu na yi mai isata, ina kiran Inna ina ba ta haƙuri.

Yaya bai iya haɗa ido da ni ba har aka kwana biyu. Ran da ya zo zai yi magana na ce ya bar ta, in ya sake tayar da ita zan koma gidan kawu. Bai sake ba har ya bar duniya.

Roɗi-roɗi kuwa ya hau mulki. Shi kaɗai ya rage namiji a garin, da alamar hukuma a kwiɓi, ba mai ikon yanka shi ko sayarwa. Yara suka sa masa suna Alfa, in ya wuce su ce a gafarta malam. Shekara ba ta zagayo ba gari ya cika da ’yan awaki masu dabbare-dabbare da ƙafafun kara. In mun kai fata kasuwa, masu saye su juya ta su ture. Mutanen Tafashiya, da suka bar nasu zanen inda yake don tsoro ya hana su taɓawa, suka riƙa yi mana dariya da jajayen awakinsu. Ba wanda ya taɓa ce mini ke kika ja mana, don kowa ya san da nasa aka zana wa, abin da zai yi ke nan.

An sha ce mini da na yarda da su tun farko da ban yi asara ba. Ni kuma in ce, da wane dalili zan yarda? Mutum ya zo garinku, ya rubuta harafin wasu mutane da ko shi aro ya yi, a jikin abin da ka fi so, ya faɗi kalmar da Bayarabe ya ji daban, malamin boko ya ji daban, yayana ya ji daban, ya shige mota. Magana ɗaya ce fa: za a bar miki shi. Ruwan sama bai hana a faɗe ta ba. Kuma ko da suka faɗa daga baya, ai ba don ni suka zaɓe shi ba, fatun ’ya’yansa suke so. Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, ba don komai ba sai don kada a ƙara rubuta abu a gabana in tsaya ina tambayar masu kayan koli.

Tauren nawa ya yi ƙiba, ya yi laushin hali, ya daina wari. Mahauta sun yi ta zarya, na ce ba na sayarwa ba ne. Na sayi jar akuyar nan ta Kusada duk da haka, don na riga na yi magana. Sukan kwanta tare a inuwar rumbu, tana lasar masa wuya, shi kuwa yana lumshe ido. Da lokacinta ya yi, Alfa ne ya tsallako danga, ban ko ɗauki muciya ba. Ta haifi biyu, duka roɗi-roɗi. Tauren ya zo ya shinshine su, ya koma inuwarsa ya kwanta.

Da tsufa ya kama shi har ya kasa tashi, Yaya ya yanka shi don kada ya mutu mushe, muka rabar da naman, ni ban ci ba. Na kai fatar aka jeme mini da gashinta. Ita ce wannan da nake salla a kanta har yau, tsakiyarta duk ta siɗe, ta koma kamar tafin hannu. Wajen dama akwai inda gashin ya fi haske, faɗinsa bai wuce bakin ludayi ba. Jikata ta taɓa tambayata ko wuta ce ta taɓa wurin. Na ce a’a, aska ce, ki matsa in tayar da salla.